Farfaɗiya a Cikin Aji: Dokokin Jihohin Amurka da Darasin da Ke Cikinsu



Muna godiya ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai da suka ba mu wannan dama ta yin magana a gabanku. Abin da muka zo da shi yau ya shafi wata cuta wadda kowa a cikin wannan zaure ya san sunanta, amma ba a cika ambatonta a bainar jama'a ba, watau farfaɗiya. Za mu duba dokokin da jihohin Amurka suka kafa tun daga shekarar 1918 da ɗari a kai, wato 2018, domin kare ɗalibai masu wannan cuta a makarantu, sa'an nan mu ga ko akwai abin da ya shafe mu a ciki. Kafin mu kai can, muna roƙo ku ba mu izini mu ba ku wani labari wanda ya daɗe yana cin wasunmu a rai.

Muna aji uku a wata makarantar sakandare ta kwana, ana cikin darasin lissafi da hantsi, sai wani ɗan ajinmu ya yi wata irin ƙara, ya sulale tsakanin tebura. Jikinsa ya sandare, daga nan ya shiga fizge-fizge, kumfa tana fita daga bakinsa. Mun fi mu arba'in a ajin nan, kuma kafin ƙiftawa da bismilla duk mun watse, har da masu ficewa ta taga. Malaminmu ya tsaya daga bakin ƙofa yana gargaɗi kada kowa ya yarda yawun ya taɓa shi. Wani babban ɗalibi mai ƙarfin hali ya rugo da cokali ya cusa masa a baki har haƙori ya ɓalle, wani kuma ya sheƙa masa bokitin ruwa. Da yaron ya farfaɗo, abin da ya fara gani shi ne 'yan ajinsu sun yi masa zobe daga nesa, ga wandonsa a jiƙe. Daga ran nan ba wanda ya ƙara cin abinci kwano ɗaya da shi, aka kuma janye gadonsa zuwa bakin ƙofar ɗakin kwana. Da aka dawo daga hutu bai dawo ba. Yaron nan ba ya wuce na uku a lissafi. Ba hukumar makaranta ce ta rubuta masa takardar kora ba. Mu da muka gudu, mu muka kore shi, kuma ba mu yi haka don mugunta ba, rashin sani ne, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu.

To, mece ce farfaɗiya? Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa waɗanda ke aika wa juna saƙo ta hanyar wata 'yar wutar lantarki. Idan wani rukuni na waɗannan ƙwayoyi ya saki wutar gaba ɗaya fiye da kima, sai aikin ƙwaƙwalwa ya rikice na ɗan lokaci, kuma abin da za a gani a jikin mutum ya danganta da sashen da abin ya shafa. Wani zai faɗi ya yi fizge-fizge kamar yadda ɗan ajinmu ya yi. Wani hannu ɗaya ne kawai zai yi rawa. Wani zai riƙa tauna baki yana jan rigarsa bai san inda yake ba. Akwai kuma wani iri da ya fi samun yara, inda yaro zai ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sa'an nan ya ci gaba da abin da yake yi, kuma hakan na iya aukuwa sau da yawa a yini guda. Irin wannan yaro shi ne malami kan yi wa bulala a kan rashin mai da hankali. Likitoci kan ce mutum yana da farfaɗiya idan irin wannan bugu ya same shi sau biyu ko fiye, da tazarar da ta wuce awa 24, ba tare da wani dalili na nan take ba. Saboda haka jijjigar da zafin zazzaɓi ke sa ƙananan yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 ba ita ce farfaɗiya ba. Cutar ba ta yaɗuwa ta yawu, ko numfashi, ko cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya. Tun wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani littafin likitanci na Girkawa da ake danganta shi ga Hifokiratis ya bayyana cewa tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma kusan kashi 80 cikin 100 nasu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Hukumar ta nuna cewa har kashi 70 cikin 100 za su iya zama ba tare da bugun ba idan an gane cutar aka kuma ba su maganin da ya dace, amma kashi uku cikin huɗu na masu ita a ƙasashe matalauta ba sa samun maganin. A Amurka kuwa, cibiyar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum miliyan 3.4 masu cutar a shekarar 2015, daga ciki 470,000 yara ne. Ma'anar wannan ita ce makaranta mai ɗalibai 1,000 tana iya samun 6 masu farfaɗiya.

Kada mu ɗauka cewa Amurkawa sun tashi ne da tausayin masu wannan cuta. A 1924 jihar Bajiniya ta kafa dokar da ta ba da iko a yi wa waɗanda ke tsare a gidajen jinya na gwamnati aikin hana haihuwa ala tilas, kuma masu farfaɗiya suna cikin waɗanda dokar ta ambata. A 1927 Kotun Ƙolin ƙasar ta amince da dokar, alƙalai 8 suka goyi baya, 1 ya ƙi. Sai a 1974 aka soke ta, kuma sai a 2002 gwamnan jihar ya fito ya nemi gafara. Har zuwa 1956 jihohi 17 suna da dokokin hana masu farfaɗiya aure, ta ƙarshensu ba ta soke tata ba sai a 1980. Mun kawo wannan tarihi ne domin mu nuna cewa ƙyamar mai farfaɗiya ba halin wata al'umma ɗaya ba ne, kuma al'umma tana iya barin ta.

Gyaran ya fara ne daga Gwamnatin Tarayya. Dokar 1973 ta hana duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya nuna bambanci ga mai naƙasa, ta 1975 ta wajabta ba yara masu naƙasa ilmi kyauta wanda ya dace da su, ta 1990 kuma ta faɗaɗa kariyar zuwa wuraren aiki da wuraren taruwar jama'a. Waɗannan dokoki sun tabbatar wa yaro kujerarsa a aji. Sai dai ba su gaya wa malamin da ke tsaye da alli a hannu abin da zai yi cikin minti biyun da yaron yake kwance a ƙasa ba. Wannan giɓi shi ne jihohi suka tashi cikewa, domin a tsarin mulkin Amurka tafiyar da makarantu aikin jihohi ne.

Jihar Kentaki ita ce ta fara, a watan Afrilu na 2018, kuma an sa wa dokar sunan wata ɗalibar sakandare mai farfaɗiya wadda ta yi fafutukar ganin an kafa ta. Dokar ta wajabta wa shugabannin makarantu da malamai da masu ba ɗalibai shawara su yi nazarin aƙalla awa guda a kan cutar. A 2019 jihohin Indiyana da Tekzas da Ilinoi suka biyo baya. Ta Tekzas tana ɗauke da sunan wata ɗaliba da ta rasu a 2016 sakamakon bugun farfaɗiya. Niyu Jasi ta kafa tata a Janairun 2020, ita ma da sunan wani yaro ɗan makaranta. A 2021 Bajiniya ta shiga sahu, shekara 97 bayan waccan doka tata ta hana haihuwa. Zuwa 2024 wajen rabin jihohin ƙasar 50 sun kafa irin wannan doka. Ku lura, 'yan'uwa, da yawan dokokin da ke ɗauke da sunayen ɗalibai. Ɗalibai da iyayensu su ne suka yi ta sintiri a majalisun dokoki har aka saurare su.

Gidauniyar Farfaɗiya ta Amurka, wadda aka kafa a 1968, ta tsara samfurin doka mai ginshiƙai biyar wanda jihohi ke ɗauka su gyara. Na farko, a horar da ma'aikatan makaranta su gane bugun idan ya zo, su kuma san taimakon farko. Na biyu, kowane ɗalibi mai cutar ya kasance yana da takardar shirin ko-ta-kwana a fayil ɗinsa, wadda iyaye da likita suka tsara, mai bayyana irin bugun da ke samunsa, da maganin da yake sha, da wanda za a kira, da lokacin da za a garzaya asibiti, a kuma nuna ta ga duk ma'aikacin da ke kula da shi. Na uku, a tabbatar akwai wanda zai iya ba shi maganin da likita ya rubuta a lokacin makaranta. Na huɗu, a ilmantar da su ɗaliban kansu. Na biyar, ma'aikacin da ya ba da taimako da kyakkyawar niyya bisa ga abin da aka koya masa, doka ta kare shi daga ƙarar neman diyya. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a ƙasar da ake yawan kai ƙara kotu, domin malamin da ke tsoron shari'a zai gwammace ya naɗe hannu.

Ginshiƙi na uku shi ne ya fi jawo gardama, kuma ya kamata mu san dalili. Yawancin bugun farfaɗiya yakan tsaya da kansa cikin minti ɗaya zuwa uku. Idan ya wuce minti biyar, da wuya ya tsaya ba tare da magani ba, kuma in ya yi tsawo ƙwarai yana iya lahanta ƙwaƙwalwa ko ya kai ga rasa rai. Akwai maganin gaggawa da ke tsayar da shi, amma wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1997 ta dubura ake sa shi, makarantu da yawa kuma ba su da nas da ke zaune duk yini. A jihar Kalifoniya an yi ta ja-in-ja a 2011 kan ko malamin da ba ma'aikacin jinya ba zai iya ba da shi. Ƙungiyoyin nas-nas suka ce aikin masu lasisi ne, kuma mafita ita ce gwamnati ta ɗauki nas a kowace makaranta. Iyaye suka ce kafin a ɗauko nas ɗin ko motar asibiti ta iso, minti biyar sun wuce. Daga bisani aka kafa dokar da ta ƙyale ma'aikacin da ya yarda don kansa, aka kuma horar da shi, ya ba da maganin. Kowane ɓangare yana da hujja mai ƙarfi. Abin da ya rage zafin gardamar shi ne fitowar magungunan fesawa a hanci, waɗanda aka amince da su a 2019 da 2020, domin sun fi sauƙin bayarwa, sun kuma fi kiyaye mutuncin ɗalibi a gaban 'yan ajinsu.

Duk da haka dokokin suna da rauninsu. Ba kowace jiha ce ta ɗauki ginshiƙan biyar duka ba, wasu kuma makarantun gwamnati kaɗai suka shafa. Har ila yau, nazarin awa guda a gaban kwamfuta ba ya mai da malami likita. Amma kuma abin da ake bukata daga malami a wannan lokaci bai fi a koya shi cikin awa guda ba, kuma da malaminmu na lissafi ya sami wannan awa guda, da haƙorin yaron nan bai ɓalle ba.

Yanzu sai mu juyo gida. Masu iya magana sun ce kayan aro ba ya rufe katara, saboda haka ba mu ce a kwafo dokar Kentaki kalma da kalma ba. Amma akwai dalilai da suka sa zancen ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a ƙasashe masu arziki ana samun sababbin masu cutar 49 cikin kowane mutum 100,000 a shekara, alhali a ƙasashe irin namu adadin yana iya kaiwa 139. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: wahalar naƙuda da ke hana jariri iska, zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, raunin kai daga haɗarin babur da mota, da kuma sanƙarau. Annobar sanƙarau ta 1996 ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, akasari a Arewa, ta kashe fiye da 11,000, kuma cikin waɗanda sanƙarau ke bari da rai akan sami masu kurumta da masu farfaɗiya. Bugu da ƙari, tsarin mulkinmu na 1999 ya ba majalisun dokokin jihohi ikon yin doka a kan ilmin firamare da na sakandare, kamar yadda jihohin Amurka suke da shi. Muna da dokar tarayya ta hana nuna bambanci ga masu naƙasa wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Daɗin daɗawa, a watan Mayu na 2022 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya sun amince da shirin shekara goma a kan farfaɗiya da cututtukan jijiya, wanda ɗaya daga cikin manufofinsa shi ne kafin 2031 kashi 80 cikin 100 na ƙasashe su kafa ko su sabunta dokokin kare haƙƙin masu cutar.

Ga Musulmin cikinmu, Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas labarin wata mata mai farfaɗiya da ta kai kukanta wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma daga cikin abin da ta roƙa har da addu'ar kada jikinta ya riƙa buɗewa idan ta faɗi, ya kuwa yi mata. Ba a kore ta ba, ba a kuma raina damuwarta game da sutura ba. Mai son yi wa mara lafiya addu'a ya yi, amma addu'a ba ta hana a juya shi ta gefe, ba ta kuma hana a kai shi asibiti ya karɓi magani.

Shin mene ne ya dace da halin da muke ciki? A ganinmu abubuwa huɗu ne, kuma babu mai bukatar kuɗi masu yawa. A sa taimakon farko na farfaɗiya cikin manhajar kwalejojin horon malamai da cikin horon da ake ba masu bautar ƙasa kafin a tura su makarantu. A sa takardar ko-ta-kwana mai shafi guda, da Hausa da Turanci, cikin fayil ɗin duk ɗalibin da iyayensa suka bayyana cutarsa, tare da alkawarin riƙe sirri. A haramta korar ɗalibi ko raba shi da ɗakin kwana ko ɗakin cin abinci saboda farfaɗiya. A kuma ɗora wa ɗakin shan magani na makarantun kwana alhakin ajiye ƙwayoyin ɗalibi da ganin ya sha kullum, domin tsallake magani da rashin barci suna cikin manyan abubuwan da ke tayar da bugun, kuma duk mun san yadda ake kwana karatu idan jarrabawa ta gabato. Ku matasan ma'aikata da ke tare da mu, ku ne ke rubuta takardun da Babban Sakatare ke sa wa hannu. Kafin majalisa ta zauna a kan doka, sakula guda daga Ma'aikatar Ilmi tana iya isar da uku daga cikin huɗun nan zuwa kowace makaranta a jiha.

Kafin a kai ga doka ko sakula, ga abin da kowannenmu zai iya fita da shi daga wannan zaure. Idan mutum ya faɗi a gabanka, kada ka gudu, ka tsaya, ka duba agogo. Ka kawar da tebur da kujera da duk wani abu mai kaifi ko mai zafi, in kuwa kusa da wuta ko rijiya ko titi yake, ka janye shi a hankali. Ka sa masa wani abu mai taushi a ƙarƙashin kai, ka sassauta wuyan riga, ka juya shi ta gefe domin yawu ya fita ya bar hanyar numfashi. Kada ka danne shi, kada ka sa masa cokali ko yatsa ko tsumma a baki, domin mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, kada a kwara masa ruwa, kada a turara masa hayaƙi. Ka sallami 'yan kallo, ka rufe shi da riga ko mayafi idan jikinsa ya buɗe ko ya yi fitsari. Idan ya farfaɗo zai kasance cikin ruɗu da gajiya, sai ka zauna da shi ka gaya masa abin da ya faru cikin natsuwa. A garzaya da shi asibiti idan bugun ya wuce minti biyar, ko ya sake dawowa kafin ya farfaɗo, ko wannan ne karo na farko, ko ya ji rauni, ko abin ya same shi cikin ruwa, ko numfashinsa bai daidaita ba, ko kuma mace ce mai juna biyu.

Malam Shugaba, bisa ga lissafin da muka kawo, jami'a mai yawan ɗalibai irin tamu ba za ta rasa masu wannan cuta ba, kuma mai yiwuwa wani yana zaune cikinmu yanzu, yana ɓoye ƙwayoyinsa a ƙasan akwati domin tsoron abin da abokan ɗakinsa za su yi idan sun sani. Saboda haka muna ba ƙungiyar ɗalibai shawara ta nemi asibitin jami'a ya shirya horon taimakon farko ga shugabannin ɗakunan kwana a farkon kowane zango, ta kuma kafa ƙaramin kwamiti na ɗaliban shari'a da na likitanci da na ilmi, su tsara daftarin da za a miƙa wa Majalisar Dokokin Jiha. Mu da muka gudu ta taga muna aji uku, mun riga mun rubuta sunayenmu a cikin masu son yin wannan aiki, takardar kuwa tana nan a bakin ƙofa ga duk mai son ƙara nasa.